Takalmina a Ƙofar Coci

Assalamu alaikum, jikana Hamad, mijin da bai iya cefane ba. Ya Hindawiyya, ya babanka?

Lafiya lau nake a Faransa, ina riƙon yaran kafilina, wato mutumin da ya ɗauke ni aiki. Jiya muka shiga wata tsohuwar coci ta dutse. Subhanallahi! Rufinta kamar zai taɓa gajimare, tagoginta suna zubo haske ja da shuɗi. Kwarjininta ya sa na tuɓe takalmi a ƙofa, ni kaɗai. Sanyin daɓen ya hau ni har ƙirji, ina ɗan tari.

In za ka karanta wa babanka wannan, tsallake zancen tarin, kar ya ce halas, in dawo gida. An ce akwai gidan sarki mai ɗaki ɗari huɗu, ni kuwa ban ƙirga da kaina ba tukuna.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka, Barakatu