Rami Mai Faɗin Yatsa Biyu

Birni, Damagaram
Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Illa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Sadiya da abin da take ɗauke da shi. Tunda ka rantse ba za ka ƙara yi mini magana ba, ga takarda. Ita ba ta da murya, kana iya karantawa ba sai ka yi kaffara ba.

Ka san matan da ke zuwa awon ciki wurina a zauren Baba suke jira, don lungun da ƙofata take babu inuwa. Tun da ka toshe ƙofar da ke tsakanin sashena da shigifarka, sai Aisa mai taimaka mini ta zagaya ta bayan gida, ta kira mace da sunanta, ta sake zagayowa da ita. Aisa ba yarinya ba ce, gwiwoyinta sun gaji. Abin da ya fi wannan muni, 'yan fadarka masu shan shayi a ƙofar gida sukan san mai ciki a unguwa tun kafin mijinta ya sani. Mata sun fara guduna saboda kunya.

Na sayi ekran, allo irin na talabijin, zan rataya a zaure, ya riƙa nuna lamba yana kuma faɗin ta da Hausa, ba sauran kiran suna. Ordinater, kwamfutar da za a haɗa shi da ita, tana ɗakin awo. Bukar mai shago a Zango ya ba ni kabul HDMI mai mita goma sha biyar, ya ce in ya bi ta tsohuwar ƙofa ya ratsa shigifa zai kai har da saura. Rami ɗaya nake nema a katangarka, kuma aikinka ne, duk garin nan kai ake kira.

Ba zan ɓoye maka ba, cikin Sadiya ya tsufa, ina ganin tafiyarta. Katanga tsakanina da ita a wannan watan ba hankali ba ne.

Allah ya shirye mu duka.
Yayarka,
Zuliha

Birni
Ranar Laraba

Zuwa ga Madam Sajfam,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta. Iyalina lafiya lau, kuma tafiyar matata ba ta cikin abin da aka raba mana gado, ki daina kallo.

Game da aiki, ga amsa kamar yadda zan ba kowane mai saye. Bukar batirin tocila ya iya sayarwa, bai san kabul ba. Abu ɗaya ya faɗa daidai: HDMI ba ya son nisa, in ya wuce mita goma sha biyar hoto ya dinga ɗaukewa ke nan. Amma wa ya ce dole sai HDMI? Akwai VGA, mai kai shuɗi da ƙusoshi biyu, yana jure tafiya. A fito da shi ta ƙofarki, a bi lungu, a zagayo ta gaban gida ya shiga zaure. Na auna da ido, bai fi mita sittin ba. Hoton zai ɗan yi dushi-dushi, amma lamba za ki nuna, ba fim ba.

Katanga kuwa ba a taɓa ta. Da hannuna na jera tubalin nan, ranar da na dawo daga maƙabarta da zanen da aka naɗe ɗana a ciki. Kin riƙe Sadiya a ɗakinki tun hantsi har la'asar kina cewa komai daidai, ina roƙon ki mu tafi materniti, asibitin haihuwa. Ke kin manta, ni ban manta ba. Wannan karon hannunki ba zai taɓa ta ba. Na yi magana da Sani mai mota, ko yaushe abin ya taso zai kai ta.

Ki huta lafiya.
Illa, mai haɗa ekran da parabol na kamo tashoshi

Birni
Ranar Alhamis

Illa,

Sallama irin ta Musulunci, tunda ita dole ce. Madam Sajfam, ungozoma a bakin Nasara! To, na gode da muƙami. Ni da na goye ka a bayana ina tafiya lakwal, har malam yana koro ni saboda kukanka, yau ni ce Madam.

VGA ɗinka na kai wa Bukar, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce kabul ɗin nan kurma ne, hoto kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar sauti. Kai ma ka sani sarai, ka yi shiru. Matan da ke zuwa mini daga Gouna da Tirmini, nawa ne suka iya karanta lamba? In ekran bai yi magana ba, ado na rataya a bangon Baba. Kuma na leƙa bayan ekran ɗin da idona, babu ma ramin VGA a jikinsa. Haba Illa, ko mugunta za ka yi, yi mai tsabta.

Maganar yaron nan kuma, wallahi ka ishe ni. Cibiya ce ta riga shi fitowa, abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, da la'asar ɗin, ba da hantsi ba. Likitan materniti ya faɗa maka a gabana, ka toshe kunne kafin ka toshe ƙofa. Kana tsammanin kai kaɗai ka yi rashi? A tafin hannuna ya yi sanyi. Ɗan ƙanena ne. Har yau in na wanke hannu sai na tuna.

Motar Sani kuwa na san ta. Rabin rayuwarta a garaji take yi.

Ina jiran amsa.
Zuliha

Birni
Ranar Asabar

Madam,

Bayan gaisuwa. Na yarda VGA ba ya ɗaukar sauti. Ga wata hanya, kuma ita manyan ma'aikatu suke bi. Kabul ɗin rezo, irin na intanet, yana tafiya mita ɗari bai gaji ba. A sa ƙaramin akwati a bakin ordinater, wani a bayan ekran, hoto da murya duka su iso. Ya bi lungu kamar yadda na ce.

Kada ki kawo mini zancen na'ura marar waya. Kaurin ginin Baba ya kai kamu biyu, ko kiran salula da ƙyar yake shiga.

Kuma kada ki ɗauka ban gane ki ba. Na san abin da ya sa kika nace wa HDMI. Kabul ɗin rezo ana zura shi tsirara ta rami kamar na fensir, daga baya a ɗaura masa kai. HDMI kuwa da kansa yake zuwa daga masana'anta, ba a yankewa, ba a ɗaurawa, sai an yi masa rami mai faɗin yatsa biyu. Ba kabul kike so ya wuce ba, ido da kunne kike son sa mini a gida. Bukar ne ya koya miki wannan, ko ke kika tambaya?

Wassalam.
Illa

Birni
Ranar Lahadi

Malam Illa mai wayo,

Ina gaisuwa. Ni na tambaya. Na ce wa Bukar wanne ne ya fi kowanne ƙaton kai, ya nuna mini, na ce shi nake so. Ka ji daɗi? Kunne nake so a gidanka, i, don akwai mace mai tsohon ciki a ciki, mijinta kuma kullum yana kan moto mai ƙafa biyu tsakanin Takieta da Mirriya.

Amma tunda ka zaɓi lungu, shi ke nan, na haƙura. Akwatunanka biyu kowanne yana son kuran na lantarki, kuma ka san yadda kuran yake yi mana, ya tafi ba sallama ya dawo da ƙarfinsa ya ƙona abin da ya samu. Awakin lungu su ci kabul, ranar Damagaram ta gasa sauran. Duk na ɗauka. Tunda ba ka son aikin, Bukar zai yi. Ya zo ya duba jiya, ya ce zai bi ta fuskar gida, ya kafa ƙusa duk taku ɗaya a kan zanen da Baba ya sa magina suka yi a saman ƙofar zaure. Ya ce in zanen ya ɗan ɓantale ba komai, zai shafa siminti. Zaure namu ne mu biyu, rabina zan sa a buga.

Duk wanda ya wuce ya tambaya wa ya yi wannan aika-aika a gidan su Illa mai ekran, zan ce ƙanena ne ya ba da shawara.

Sai ka gan shi ranar Talata.
Zuliha

Birni
Ranar Litinin

Madam,

Sallama. In Bukar ya kusanci zanen Baba da guduma, sai dai a raba mu a komisariyar 'yan sanda. Ki gaya masa haka da bakina.

Gobe da safe ki kawar da kayanki daga jikin tsohuwar ƙofa. Zan huda daga wajena, a sama, dab da dogarin ƙofa. Yatsa biyu, ba ƙari. Ki turo kan kabul ɗin a hankali, kada ki lanƙwasa shi, kada ki ja. Zan bi da shi ta bangon shigifa, in haɗa ekran, in gwada. In na gama zan cushe abin da ya rage na ramin da tsumma.

Na yi don bangon Baba, ba don ke ba. Rantsuwata tana nan.

Illa

Ranar Alhamis

Yaya Zuliha,

Ina wuni, ina gajiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, a tsaye nake, kuma takardar sai na naɗe ta siririya kafin ta shiga. Na taka turmi na cire tsumman, kada ki yi mini faɗa, ba zan sake hawa ba.

Ekran yana aiki, daga tsakar gida ina jin yana cewa lamba bakwai, lamba takwas. Jiya na ga maigida ya tsaya a shigifa yana saurare, da ya gan ni sai ya ce wai sautin yake dubawa.

Yaya, tsoro nake ji. Ƙafafuna sun kumbura, bayana yana riƙewa yana saki. A materniti sun ce saura mako biyu, amma jikina ba haka yake gaya mini ba. Gobe zai tafi Tirmini haɗa wa wani mai kanti ekran, ya ce in sa sakata in ya fita. Ni ban taɓa riƙe ki a zuciya ba, Allah ya sani. Shi ma ba mugu ba ne, bai san inda zai ajiye abin ba ne.

Ki bar tsumman a cire.

Ƙanwarki,
Sadiya

Materniti
Juma'a, bayan la'asar

Illa,

Assalamu alaikum. Na kira wayarka har na gaji, ba ta shiga, don haka na ba Aisa wannan ta kai wa 'yan fadarka. Kafin ka shiga gida ka yi ihu, karanta.

Yau ba na awo, zaure ba kowa, maza duk sun tafi masallaci. Ina shanya sai na ji sunana ta ramin nan naka, siririyar murya kamar ta mage. Sadiya ce a ƙasa cikin shigifa, faya ta fashe, ta kasa tashi ta zare sakata, wayarta tana ɗaki. Na tura Aisa neman Sani. Ƙofarka ta ƙarfe ce, ka sani, kai ka saye ta. Na ɗauko tabarya na hau kujera na fara daga raminka. Tubalin da ka jera da fushi ka jera shi, ba da gwaninta ba, na uku da na doka sauran suka biyo shi.

Na karɓi haihuwar a nan inda na same ta, don babu lokacin zuwa ko'ina. Mace ce. Ta fito shiru, Illa. Na share mata baki, na murza bayanta, ina kiran sunan Allah. Sannan ta tsala kuka. Motar Sani sai da aka tura ta, amma ta kawo mu, likita ya duba su duka biyu ya ce lafiya. Hannuna ya taɓa matarka, ya taɓa 'yarka. In ƙara za ka kai, ka san hanyar komisariya.

Katangarka tana ƙasa. Kabul ɗin ma tubali ya faɗa masa ya tsinke biyu. Ban ba da haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba.

Ka zo da zannuwa da ruwan zafi a fulas, ka zo ka yi mata huɗuba.

Zuliha

Birni
Ranar Lahadi

Yaya,

Ina kwana. HDMI in ya tsinke ba a ɗinke shi, na gaya miki. Na sayo wani, ba a wurin Bukar ba.

Maganar ɗana ban gama da ita ba, kada ki matsa mini. Magini ya zo da safe yana tambaya ko a mayar da tubalin. Na ce ya kwashe su, suna tare hanya.

Sabon kabul ɗin zan bi da shi ta saman dogarin ƙofa, don kada ya kama miki ɗankwali in kina wucewa. Sadiya ta ce ruwan wankan ya tafasa, ke ake jira.

Ƙanenki,
Illa