Faranti Mai Shan Rana

Litinin, 3 ga Maris
Da daɗewa na ji ana cewa wai akwai faranti mai shan rana ya shayar da batir. Na sa zancen a jerin tatsuniyoyin kakata. Yau ga shi 'yata ta kawo, an ɗaure a rufin jirgina. Kafaɗata ta daina jan igiyar inji, sai da batir yake tashi. Ta ce, "Baba, in ya sake mutuwa da mutane a tsakiyar ruwa, fito ya ƙare, gida za ka zauna." Gida! In yi gadin kaji?

Alhamis, 6 ga Maris
Inji ya yi tari ya yi shiru. Da gora na tura mu gaɓa. Kowa ya zama makanike, har wata fasinja mai akuya.

Asabar, 8 ga Maris
Na wanke wa farantin kashin tsuntsaye da sabulu, na lulluɓe shi da buhu kada rana ta fasa gilashin. Mai gyara ya zo, ya ɗaga buhun, ya daɗe yana kallona.
"Baba, wa ya rufe shi?"
Na ce iska.
Wai kuma in fitar da jirgi daga ƙarƙashin bishiya. Jirgin katako, a rana? Katako ya tsage, kwalta ta narke, shi yana gida yana barci. A inuwar nan mahaifina ya ɗaure nasa har ya bar duniya. Na sallame shi.

Talata, 11 ga Maris
Inji ya mutu kuma. Mai akuya ta ce za ta kira 'yata. Da kyar na hana ta.

Juma'a, 14 ga Maris
Na cire turke na kafa a fili. Ba don maganar kowa ba, sharar ganye ce ta ishe ni. Ina watsa wa katako ruwa kamar mai ban ruwan albasa, masu fito na dariya. Su yi.
Inji ya tashi bugu ɗaya. Ban faɗa wa kowa ba.
Zancen inuwar, mai gyara ya faɗa, 'yata ta nanata a waya. Ta ƙarshe uwargidata ce, jiya, tana shanya: "Malam, ka taɓa ganin na shanya zanena a gindin bishiya?" Ko juyowa ba ta yi ba.