Farkon da Ban Ji Ba

Tawa, ranar Lahadi

Ƙanena Attaher,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da iyali, da mutanen Tebaram. Na zaɓi takarda a kan saƙon murya domin takarda tana jira a auna magana, bakina kuwa bai jira ba.

Yau kwana tara da Inna ta bar gidana ta taho wurinka. Likitocin ido da suka sauka Tawa sun sa ta cikin waɗanda za a cire wa yana ranar Asabar mai zuwa. In ta wuce, sai baɗi, idon hagu kuma ba zai kai baɗi ba.

Ga abin da ya faru. Ƴata Latifa ta dawo daga koleji tana cewa mushensu, wato malaminsu na boko, ya koya musu cewa sama da ƙasa da taurari duk sun fito daga abin da bai kai ƙwayar hatsi ba, ya fashe, yana ta faɗaɗa har yau. Na tashi alwala raina a dagule. Da na dawo na tarar Inna tana gaya mata wai da can sama kusa take, ana taɓa ta da hannu, har wata mai daka ta riƙa zungurinta da taɓarya, saman ta yi fushi ta ɗaga. Sai na ce: "Inna, wannan zancen Azna ne, ba a yin sa a gidan nan." Da safe ta ɗaure kayanta.

Shekara goma sha huɗu ina karantar da mata a islamiyya cewa Allah ne ya halicci kome da ikonsa. Ban ga yadda zan yi shiru a gidana ba. Ka lallashe ta ta dawo.

Yayarka,
Raƙiya Almustafa

Tebaram, ranar Talata

Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, sai zahi. Inna na cin tuwo, tana kuma cin mutuncin matata kan miya, ke nan da sauran ƙarhi.

Na karanta mata takardarki. Ta ce in tambaye ki abu guda: kin ji farkon maganar? Ta ce: "Ni sai da nic ce gatanan gatanku, yarinya ta ce ta zo mu ji ta. Wanda yac ce gatanan ai ya shaida ma kowa ƙarya za shi yi. Mi ya rage da za a tuhumce ni da shi?"

Sannan kalmar da kika zaɓa, Yaya. Kin san kakanmu na Bambeye, mahaifin Inna, sai da ya tsufa ya kama salla. Abin da ba ki sani ba, ni ma sai jiya na ji: shekara bakwai dangin Baba ba su kiran Inna da sunanta, sai "ɗiyar Azna", kuma ba su cin abin da ta yanka wa albasa da wuƙarta. Ta ce ta ɗauka kalmar ta mutu tare da su, sai ga ta a bakin wadda ta goya.

Abin dariya, ni ne nake tsayawa gaban allo ina koyar da fashewar nan kowace shekara, ba ki taɓa kirana Azne ba. Ko don ina sa tabarau?

Ta ce ido nata ne.

Ƙanenki,
Attaher

Tawa, ranar Laraba

Attaher,

Bayan gaisuwa. Ka rage wasa, kwana uku suka rage.

Na tambayi Latifa, ta tabbatar: Inna ta buɗe da gatanan. Ina bayan ɗaki ina wanke ƙafa sa'ad da aka faɗe shi. Na yanke hukunci a kan magana da na tsinta daga tsakiya, abin da nake hana ɗalibaina kullum.

Amma ka bar ni in faɗi abin da ke cina. Inna ta sanar cewa tata gatana ce. Littafinku na makaranta fa? Ba ya cewa gatanan, ba ya cewa Allah ne masani, yana ba da lissafin shekaru kamar marubucin yana tsaye a wurin. Na san za ka ce akwai awo da na'ura, kuma ban isa in ƙaryata abin da ban karanta ba. Wataƙila bayanin yadda aka yi ne, ba musun wanda ya yi ba. Na kwana biyu ina juya wannan, ban sami inda zan tsaya ba. Na tambayi yarinyar wanne ta gaskata, ta ce na mushe shi ake rubutawa ran jarrabawa, nawa kuma shi ake faɗi in Malama tana kusa. Ta faɗi haka tana tsinke zogale, ko kallona ba ta yi ba.

Ga gaskiyar da na ƙi gani. Maganar mushe ce ta tsorata ni, ba ni da amsarta, sai na sauke fushina a kan tsohuwar da na san ba za ta kawo mini hujja ba. Ban sani ba ko kishin addini ne ya motsa ni ko girman kai, kuma rashin sanin ya fi kome ba ni haushi.

Ka karanta wa Inna wannan a hankali: Inna, na yi kuskure, na ci zarafinki gaban jikarki da kalmar da ba ki cancanta ba. Ki gafarce ni don Allah, ki shigo motar Alƙasum direba ranar Juma'a.

Raƙiya

Tebaram, ranar Alhamis

Yaya,

Sallama. Na karanta mata sau biyu. Ta ce takarda ba ta durƙusawa.

Ga sharaɗinta, ban ƙara ban rage ba. Ki zo da kanki gobe. Bayan magariba ki zauna ƙasa bisa tabarma, ta ce gatanan gatanku, ki amsa da bakinki, ki saurara har ƙarshe ba gyara ba wa'azi. In kin yi, Alƙasum ya yarda ya kai ku Tawa da asubar Asabar. In ba ki yi ba, ta ce ta ga duniya isasshiya da idon dama.

Attaher

Tawa, asubar Juma'a

Attaher,

Assalamu alaikum. Wannan za ta riga ni isowa da motar safe, ni sai na sallami ɗalibai.

Shekara ashirin rabon da amsar nan ta fita daga bakina. Na gwada ta bayan salla ni kaɗai, ta fita da ƙyar. Har yanzu ban yarda an zunguri sama da taɓarya ba, ban kuma gama da littafinku ba. Amma zan zauna, zan amsa.

Ka haɗa wa Inna kayanta da katin likita. In magariba ta yi, ka nemi wurin zuwa. Ba na son jin dariyarka.

Yayarka,
Raƙiya