Wanda Ya Yanka Bunsurun Kirsimeti

Ni Jediyel Bakari, kafinta, mazaunin Jimeta, na rubuta wannan takarda da hannuna yau Lahadi, 28 ga Disamba, 1975. Hankalina yana tare da ni, ba wanda ya matsa mini, kuma ba zazzaɓi ne yake magana ba. Jiki ne kawai ya gaji. Likita ya yi ta kewaye-kewaye, amma mutumin da ya shekara arba'in yana haɗa wa mutane akwatinsu na ƙarshe ba ya buƙatar a fassara masa fuskar likita.

Zuwa gare ku 'ya'yana huɗu: Absalom babba, akawu a Maiduguri, Silas, manomi a Vinikilang, Selina, da ke aure a Numan, da Lilian auta, wadda take jinyata. A karanta ta kuna tare, ku huɗu. Idan Silas bai zo ba, ku shiga kwalekwale ku haye Binuwai, a karanta a ƙofar gidansa. Kada a tsallake ko layi ɗaya don a rufa mini asiri.

Na ɗaya. A binne ni kusa da mahaifiyarku Damaris. Akwai katakon maɗaci guda shida da na jingine a bayan shago, na riga na auna na yanke, haɗa akwatin kawai ya rage. Kada a saya mini wani. A roƙi fasto ya taƙaita wa'azi, rana tana da zafi a maƙabarta kuma tsofaffi ne za su raka ni.

Na biyu. Gidan nan ba na sayarwa ba ne, ba kuma za a ja katanga a tsakiyarsa ba. Lilian ta zauna a ciki har Allah ya kawo mata miji. Absalom ya kula da shi. Kula na ce, Absalom, ban ce mulki ba, na san yadda 'yan ofis kuke karanta takarda. Agogona da kwat ɗina da kekena naka ne, keken ya san hanyar coci da kansa ko da kai ka manta. Keken ɗinkin mahaifiyarku na Selina ne. Littafin waƙoƙin sujada nata, da manyan kwanonin da muke rabon abincin Kirsimeti da su, na Lilian ne. Ba na bin kowa kuɗi, ba wanda yake bina.

Na uku. Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, sauran duk da baki ma da na faɗa.

Kun san maƙwabcinmu Malam Zarami, mutumin Barno, da iyalinsa Hajja Yakaka. A shekarar da aka sami 'yancin kai ya sauka a gidan da ke jikin katangarmu. Tun Kirsimetin wannan shekarar muka ɗora al'ada: shi yake zuwa da wuƙarsa ya yanka mana bunsuru, don duk abin da aka dafa a gidan nan Musulmin unguwa su ci ba tare da shakka ba. Da layya kuma cinya guda tamu ce. Ba mu taɓa zama muka yi yarjejeniya ba. Haka kawai abin ya tafi shekara bakwai, kwano ya shiga, kwano ya fito.

A 1967, shekarar da aka yanka jihohi aka ce Maiduguri ce hedkwatarmu, Malam ya tafi can ta'aziyyar wansa, Kirsimeti ta riske shi a hanya. Kafin ya tafi ya ce ya bar sallahu wurin abokinsa, Malam Bobboyi na Yolde Kohi, zai zo ya yi yankan. Da safe duk kuka tafi sujada, ni na tsaya jira. Hantsi ya yi, Malam Bobboyi shiru. Daga baya muka ji ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi. Na leƙa titi, na dawo, na sake leƙawa. Mahauta suna nan a kasuwa, da na taka da na samo wanda zai yanka kafin a tashi daga coci. Ƙiwa ta hana ni, da kuma wani ɗan girman kai da ya ce mini ai hannuna ba najasa ba ne. Na ɗauko wuƙa na yanka bunsurun da kaina.

Ina cikin fiɗa Silas ya shigo. Ya baro coci da wuri don ya taya ni ɗaukar benci. Ya ga abin da ya gani, ya naɗe hannun riga ya kama mini ƙafar bunsurun.

Da mahaifiyarku ta dawo ta tambaya wa ya yanka, sai na ce Malam Bobboyi ne, ya yi sauri ya koma. Na san halinta. Da na faɗi gaskiya ba za ta aika ko loma ɗaya gidan Musulmi ba, kuma lokacin yaƙi ne, kowa yana fassara abin da maƙwabcinsa ya yi da wanda bai yi ba. Na ce a raina rashin kwanon zai fi ƙaryar ɓarna. Aka dafa shinkafa da miya, aka raba gida tara. Hajja Yakaka ta aiko tana tambayar wa ya yi yankan, tunda mijinta ba ya nan, aka mayar mata da amsar da na bayar. Suka ci, ita da 'ya'yanta.

Bayan sati biyu Malam ya dawo, ya je yi wa abokinsa godiya, abokin ya ce shi bai taka Jimeta ba ranar. Malam ya zo ya yi sallama a ƙofar shago, mahaifiyarku da Silas suna wurin, ya yi tambaya ɗaya, cikin ladabi: wa ya yanka bunsurun? Kafin in buɗe baki mahaifiyarku ta riga ta haɗa lissafi. Silas ne ya bar coci da wuri. Silas aka gani da jini a riga. Silas ne kuma, da zafin kai na ɗan shekara ashirin, ya sha faɗa a gaban kowa cewa bai ga dalilin da za a kira wani ya yi mana yanka a ranar haihuwar Mai Cetonmu ba. Aka ce shi ya yanka, shi ya yi mini ƙarya cewa malamin ya zo. Silas ya dube ni. Ni kuwa na dubi katakon da nake gogewa.

Abin bai tsaya nan ba. Dattawan ikkilisiya suka zauna a kan maganar, suka dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji a coci wata uku saboda ƙarya. Ina cikin dattawan, a kujera ta biyu daga hannun daman fasto. Kai Absalom ka rubuto masa wasiƙa mai zafi, na ga kwafinta. Ke Selina kin daina yi masa magana. Kafin damina ya tattara kayansa ya haye wurin kawunku a Vinikilang, bai sake yin Kirsimeti a gidan nan ba. Mahaifiyarku ta rasu a 1972 tana cewa ta yafe masa. Ta yafe masa laifin da bai yi ba, ina zaune a bakin gadon.

To ku ji da kyau. Ni na yanka bunsurun. Ni na yi ƙaryar. Silas bai yi komai ba face kama ƙafa da kama bakinsa. Shekara takwas ke nan, ko sau ɗaya bai tona ni ba.

Na huɗu. Ga abin da ya faru bana, don ku san inda maganar ta tsaya.

Tun daga waccan shekarar Malam Zarami bai sake karɓar kwanonmu ba. Bai zage mu ba, bai daina gaisuwa ba, in an kai abinci sai a dawo da shi a rufe tare da godiya. Ni kuwa kowace Kirsimeti ina sa fararen kaya, ina rera waƙar salama a duniya da ƙarfi fiye da kowa, in dawo gida in kasa cin nama. Na sha yin addu'a a kai. Na lura addu'ar ba ta wuce rufin ɗaki, don Wanda nake roƙo ya san gidan Malam taku ashirin ne daga nawa.

Kwana uku kafin Kirsimetin nan, bayan la'asar, na dogara sanda na shiga zaurensa. Na faɗa masa duka, a tsaye, don na ji tsoron in na zauna zan fasa. Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce maganar yankan Kirista malamai sun yi bayani a kanta, wasu sun ci wasu sun bari, da na gaya masa gaskiya tun farko da ya san abin da zai yi da kwanon. Abin da ya ci masa rai shi ne an ciyar da iyalinsa da ƙarya. Sai ya ce, "Nama ya wuce tuntuni, Jediyel. Yaron nan fa?" Ashe duk shekarun nan in Silas ya gaishe shi a kasuwar Jimeta sai ya kau da kai, Silas kuma bai fasa gaishe shi ba. Ya ce na sa shi ya zalunci mutum shekara takwas bai sani ba, wannan ya fi masa nauyi. Ban taɓa ganin hawayen Malam ba sai ranar.

Ranar Kirsimeti da sassafe ya yi sallama da wuƙarsa. Ni da shi duk mun tsufa, Lilian ce ta danne bunsurun tana yi mana dariya. A coci na roƙi fasto ya ba ni minti biyu, na tsaya gaban jama'a na faɗi abin da na rubuta muku a nan. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun zaro ido, wata tsohuwa ta ce ita dama ta san yaron nan ba maƙaryaci ba ne, ko da yake ban tuna ta faɗi haka a lokacin ba. Na ajiye kujerar dattijo. Da rana aka kai kwano gidan Hajja Yakaka, ya dawo a wanke, da ƙullin turaren wuta a ciki. Na ci tuwo na ƙoshi, na yi barcin rana kamar jariri. Shekarata sittin da bakwai, ban taɓa gode wa Allah da dukan zuciyata kamar wannan yinin ba. Na gode masa da bai ɗauke ni bara ba.

Abu ɗaya ya rage. Na aiki Lilian Vinikilang ta gaya wa Silas abin da na yi, ta roƙe shi ya zo. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cika mata kwando da busasshen kifi, ya raka ta bakin ruwa. Ya ce ta gaya mini ya ji. Bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na biyar. Kayan aikina duka na Silas ne: zarto uku, guduma, gizago, teburin aiki, da shagon kansa. A cikinku shi kaɗai ya iya riƙe zarto ba tare da ya ba ni kunya ba. Gonata ta Yolde Kohi ma tasa ce. Silas, ba biyanka nake yi ba, abin da na karɓe maka ba ya biyuwa da gona. Da ma can kai zan bar wa. In ka ga dama ka haɗa mini katakon nan shida da hannunka. In ba ka ga dama ba, a ba wani kafinta, kada kowa ya ce maka uffan.

Absalom da Selina, ku ba ku san gaskiya ba, amma kun yi saurin yanke hukunci. Kowannenku ya je da ƙafarsa ya ba ɗan'uwansa haƙuri. Absalom, ban ce ka aika wasiƙa ba.

Na shida. Muddin akwai Musulmi a unguwar nan, a ci gaba da kiran ɗaya daga cikinsu ya yi yankan Kirsimeti, a ci gaba da kai kwano. Malam ya tsufa, in ya gaza ɗansa Garbai ya iya. Idan wata shekara ba a sami mai yanka ba, ku yanka da kanku, ku ci abinku, ku aika musu cincin da ɗanyar shinkafa, ku gaya musu dalili. Ba wanda zai yi fushi. Na gwada ɗaya hanyar, kun ga inda ta kai mu.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da matanku da mazajenku da 'ya'yanku. Ya tsare Absalom a hanyar Maiduguri, ya ba Selina zaman lafiya a ɗakinta, ya sāka wa Lilian wahalar da ta sha a kaina. Salamar da na samu a makon nan, a makare, Allah ya ba ku ita tun kuna da ƙarfin jin daɗinta. Ku riƙe juna, ku taru a gidan nan kowace Kirsimeti, ku huɗu.

Silas, ɗana, na yi maka laifi a gaban Allah da gaban mutane. Ka gafarta mini. Ina so in ji daga bakinka, amma in takardar nan ta riga ni isa wurinka, ka faɗa ko a gona ne kai kaɗai, ya isa.

Ku ukun kuwa, in ya ƙi zuwa, kada ku yi fushi, kada ku ce ai Baba ya riga ya roƙe shi. Ku ɗauki tuwon ku haye ruwa ku same shi. In bai buɗe ƙofa ba ku ajiye ku dawo, baɗi ku sake komawa. Shi ya jira ni shekara takwas, kada ku gaji kafin takwas.

Mahaifinku,
Jediyel Bakari