Hannuwan Malam Idi

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya jikin Inna? Yaya maigidan da yara? Mu nan Alexandria lafiya, sai dai zuciya babu daɗi.

Jiya jami'ar da nake koyarwa ta sa ni cikin alƙalan gasar zanen ɗalibai. Ba a nuna mana sunayen masu zanen ba. Mu uku duk zane ɗaya muka zaɓa: hannuwan dattijo riƙe da sitiyarin tasi, da tabon ƙuna a babban yatsa. Da aka buɗe suna, Yaya, sai ga sunan Nura ɗan Malam Idi direba, yaron da kika goya lokacin kina nan. Ashe ya miƙa zanen kafin hatsarin nan da ya yi ajalinsa.

Ni na kira uban. Ya zo ya daɗe a tsaye gaban zanen, ya dubi tabon da ke yatsansa, ya ce, "Hajiya, kullum faɗa nake masa ya bar wannan wasa. Ashe ni yake kallo." Ya ƙi karɓar kyautar, zanen kawai ya roƙa.

Ki sa Nura a addu'a, ki roƙa wa mahaifinsa dangana. A gaishe min da Inna da su Baffa.

Ƙanwarki,
Bilkisu