Kazarki Ta Yi Ƙwai, Asabe

Zuwa ga Asabe,

Gaisuwa da fatan rahamar Allah a inda kike. Na san takardar nan ba mai kai miki ita, ko da direbobin Yelwa ne da ba inda ba sa zuwa. Amma wata bakwai ke nan ina tara magana a ciki, ni kuwa kin san ni, in ban yi ƙorafi ba sai in kumbura.

Gida lafiya. 'Yarmu Hauwa ta zo da goyonta, yaron ya yi haƙora biyu. Ruwa ya ja baya a bakin Wara, ana ɗan samun kifi. Dangar bayan madafa da kika yi ta fama da ni a kanta, na gyara ta, sai ki huta.

Kazarki ce ta sa na ɗauki biro. Wake-waken nan da kike cewa ta fi ni jin magana. Sauran duk sun ƙare, wasu a sadakar bakwai, wasu a ta arba'in, biyu muzuru ya kwashe. Ita kaɗai ta rage. Har yau kullum da safe sai ta je ƙofar ɗakinki ta tsaya tana leƙe, tana jiran ki fito da tsaba.

Tun bayan salla ta fara yin ƙwai mai laushin ɓawo, da an taɓa sai ya lotsa. Ban kula ba. Ranar Laraba da hantsi na same ta a bakin akurki a tsugune, fukafukai a ƙasa, tana ta yunƙuri ba abin da ke fitowa. Na watsa gero, ko kallo bai ishe ta ba. Na shafa cikinta na ji ƙwan a tsaye, ya maƙale.

Ƙanena Garba ya leƙo, ya ce in yanka kafin ta zama mushe a yi biyu babu. Gaskiya ya faɗa. Shekara talatin ni ke yanka miki kaji, ke kuwa ki shige ɗaki sai an gama. Na wasa wuƙa, na kai ta gindin darbejiya, na fuskantar da ita gabas. Asabe, hannuna ya ƙi. In na yanka ta, wa zai riƙa tsayawa a ƙofar ɗakinki da safe?

Ina nan tsugune da wuƙa sai ga Maryamu, ƙawarki Bakambariyar nan da kuke bandar kifi tare. Ta karɓi kazar ta duba, ta tambaye ni ina gwangwanin garinki. A nan ne kunya ta kama ni, kuma dole ke ma in faɗa miki. Na zubar da shi. Kin tuna yadda kike ƙona ƙayar kifi da ɓawon ƙwai a kasko, ki daka, ki barbaɗa musu a dusa, ni kuwa ina ta mita wai kin cika gida da ƙauri? Na zaci tsumulmular mata ce kawai, ba kya son a zubar da komai. Ashe shi ke sa ɓawo ya yi ƙwari, ƙwai ya fita salin-alin. Kin taɓa gaya mini ne ban saurara ba? Ina jin kin gaya mini.

Maryamu ta nuna mini yadda kike yi. Na ɗumama ruwa a daron da kika yi wa Hauwa wankan jarirai, na zaunar da kazar a ciki ina riƙe da ita. Na shafa mata man kaɗe a mafita da ɗan yatsa, a hankali, don ta ce in ƙwan ya fashe a ciki shi ke nan. Sannan na naɗe ta a tsohon zanenki shuɗi, na kai ta ɗakinki inda ba hayaniya. Ban je duba taru ba ranar. Da la'asar ƙwan ya faɗo, laushi tiɓis, ta kwanta kamar mai jego.

Yanzu ni ke ƙona ƙayar, ni ke daka. Ki ga ƙato da furfura a bakin turmi, matan unguwa suna leƙe ta danga suna ƙyalƙyala dariya. Su yi ta yi. Ƙaurin da na yi shekaru ina tsinewa, yanzu in ya tashi sai in ji kamar kina gida.

Na sha ce miki kin fi son kajin nan da ni. Wasa nake, amma da kishi a ciki, ban taɓa yarda ba. Yadda kike lallashin kazar nan haka kika lallashe ni lokacin da ciwon baya ya kwantar da ni, ban ce miki na gode ba. Na gode, Asabe. Ina kewarki ƙwarai.

Yau da safe ina gyaran taru na ji kyarkyara. Na je akurki na sa hannu, ga ƙwai da ɗuminsa, na ƙwanƙwasa da farce, ɓawo garau. Ban san lokacin da na juya wajen ɗakinki na ɗaga murya na ce, kazarki ta yi ƙwai ba. Na tsaya ina jiran ki amsa.

Ba zan ci shi ba. Zan tara mata ta yi kwanci, ƙofarki ta cika da 'yan tsaki kamar da.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sada mu a Aljanna.

Mijinki,
wanda kike kira Sarkin Ƙorafi