Rumman ɗin Kaltume

Wad Madani, Sudan, 1976

Zuwa ga ɗana Lado, a Roni.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya da iyalinka. Ni ma lafiya lau, sai ƙafafun nan da ba kullum suke kai ni masallaci ba.

Wani alhaji ya ce sabuwar hanyar mota za ta bi ta bayan gidanmu, inda rumman ɗin matata marigayiya Kaltume yake, mai fararen 'ya'yan nan marasa tsami. Na duba kasuwannin nan, na ga ja, na ga mai kaurin ɓawo, ban ga irinsa ba. Ƙwayarsa da na taho da ita na shuka, sai 'ya'yan suka fito jajaye masu tsami. Duk da haka nakan zauna gindin wanda na shuka da la'asar, in ji kamar takun Kaltume a bayana da tulun ban ruwa. Ba na waiwayawa.

Don Allah kada ka shuka ƙwaya. Reshe za ka yanka, mai kaurin yatsa, ka kafa gefen rijiya kafin masu hanya su iso. In ya kama, ka rubuto mini. In bai kama ba, kada ka gaya mini.

Allah ya yi maka albarka.

Baffanka,
Maikasuwa